Da Kular Tuwo Na Shiga Strasbourg

A unguwarmu ta gabashin Greensboro mutum ba ya tafiya a ƙasa sai in wani abu ya same shi. Na sha gwadawa. Nakan sa takalmi da yamma in fita, ba inda za ni, ina so dai in ji ƙarar busasshen ganye a ƙarƙashin ƙafata. Kafin in kai kwanar cocin da ke ƙarshen layinmu, mota ta tsaya. In ba Alhaji mai tasi ba ne, to wata Anti ce 'yar Jos da suke aiki da Mama a gidan kula da tsofaffi.

"Lafiya? Motar ce ta lalace?"

"Lafiya lau, Anti. Iska nake sha."

"Shigo ki sha a nan, zan sauke miki gilashi."

Sai in shiga, don ba a barin babba yana jira da mota a kunne. Haka ake mayar da ni gida kowane lokaci, kamar akuyar da ta tsinke igiya.

Abin da nake so bai da yawa. Ina so in yi tafiya a cikin wani gari ni kaɗai, a hankali, ba wanda ya san 'yar wace ce ni. A ɗakin karatu na jami'a, inda nake ɗan aiki bayan darasi, na riƙa kallon hotunan tsofaffin biranen Turai, masu lungunan da mota ba ta iya shiga. A ƙarshe na zaɓi Strasbourg, a gabashin Faransa. Tsohon garin tsibiri ne, kogi ya zagaye shi, akwai wata doguwar majami'a ta jan dutse a tsakiya, kuma a watan Disamba ana cika shi da fitilu da rumfunan katako saboda Kirsimeti. Ba bikinmu ba ne, amma ban taɓa jin an hana kowa kallon fitila ba. Na kama ɗaki a wani ƙaramin otal, can sama ƙarƙashin rufi, mai taga da ke kallon ruwa.

Mama ta yarda da sauri har na ji tsoro. Sharaɗinta ɗaya ne: ba a tafiya mai nisa ba a yi sallama da manya ba. Ta sa ni a mota muka zaga gida gida ina durƙusawa, ana sa mini albarka, ana tambayata ko sanyi ya ƙare a Amerika ne da zan je nema a wani wuri. Gida na ƙarshe shi ne na Hajiya maƙwabciyarmu, 'yar Maraɗi, wadda take sayar da atamfa da turaren wuta a garejinta.

"Wane gari kika ce?"

"Strasbourg, Hajiya."

Ta ajiye almakashin da ke hannunta. "Allahu akbar. Ƙanwata na can."

Mama ba ta nuna mamaki ba ko kaɗan.

Hajiya ta ce ba za ta ɗora mini nauyi ba, ɗan sallahu ne kawai, in miƙa a tasha in wuce abina. Ɗan sallahun ya cinye rabin akwatina. Na fitar da littattafan waƙoƙi da na yi niyyar karantawa a bakin taga, na sa garin kuka da yaji da kwalaben humra a wurinsu.

A tashar jirgin ƙasa na gane ƙanwar Hajiya tun daga nesa, gajeriyar mace mai rigar sanyi a kan rigar sanyi a kan zane. Ta kama fuskata da hannu biyu ta ce, "Ɗiyata! Kin sauka lahiya?" Ta ce in riƙa kiranta Tanti. Na buɗe akwati na miƙa mata sallahu, ta karɓa. Sai ta rufe akwatin ta karɓe shi shi ma.

"Tanti, otal ɗina yana nan kusa."

"Otal?" Ta waiwaya ta ga ko wani ya ji. "Ina raye, ina cikin garin nan, ki kwana otal? Da wane baki zan yi ma Yaya bayani? Mu tahi."

Na ce na riga na kama ɗakin. Ta ce to a sake shi. Har yau ban ga ɗakin nan ba. Ina fatan wanda ya kwana a ciki ya leƙa tagar.

Muka hau jirgin cikin gari da suke kira tram. Ta gilashi na hango tsinin majami'ar a sama da rufin gidaje, siriri, yana ƙara ƙanƙancewa, don jirgin namu baya yake ba shi. Gidan Tanti yana can bayan gari, a saman wani dogon bene mai kama da 'yan'uwansa da ke kewaye da shi. Falon akwai ɗumi kamar ɗakin mai jego. Labulaye masu kauri a rufe, turaren wuta yana tashi, talabijin na nuna wani biki da aka yi a Yamai. Tanti ta nuna mini kujera mafi girma, mai fuskantar ƙofa.

"Zauna nan."

A kujerar nan na yi mafi yawan hutuna. Ana kawo mini abinci a kanta, ana ɗauke kwano a kawo wani. Mata suka riƙa zuwa gaida baƙuwar Amerika, daga wannan bene da wancan, kowacce da kwanon abinci a naɗe cikin tawul. Ashe kowacce tana da wani a Greensboro. Aka tambaye ni ko gaskiya ne wane ya sayi gida a Summerfield kusa da masu dawakai, ko matar wane ta haihu, ko Hajiya ta rage ƙiba. Na ƙetare teku guda don in je inda ba a san ni ba, na sauka a falon da aka san launin motar Mama.

Da na ga kwanaki suna tafiya, na tattara ƙarfin hali.

"Tanti, ina so in shiga tsohon gari."

"Me aka ajiye miki can?"

"Gine-gine nake so in gani."

Ta dubi bango, ta dubi rufi. "Nan ba gini ba ne?"

"Tsofaffi, Tanti. Da fitilu. Zan iya zuwa ni kaɗai, na ga hanyar a waya."

"Ke kaɗai?" Ta dafe ƙirji. "Baƙuwa? Amana ce ke a hannuna. Ba ki jin Faransanci, ga sanyi, ga 'yan giya cike da marshe, kasuwar bikin nan tasu. A ce mini me, na saki ɗiyar mutane a titi? Bon, tunda kin matsa, gobe ki raka ni kai ma Tontonki abinci."

Tonton mijinta ne. Mai gadi ne a ƙofar wani babban kanti a cikin tsohon garin, kuma a lokacin biki tun safe yake fita sai dare. Ba ya cin abincin waje, don bai yarda da abin da suke sawa a ciki ba. Kullum bayan azahar Tanti takan tuƙa tuwo, ta zuba a kula, ta kai masa da kanta, da gwiwarta mai ciwo. Tunda na zo takan bar ni a hannun wata maƙwabciya kafin ta dawo.

Washegari na sa rigata mai kyau. Tanti ta riƙe kula da hannun hagu, ta riƙe wuyan hannuna da na dama. Tana da hanyarta da ta gano shekaru da suka wuce, wadda ba ta bi ta inda jama'a suke. Muka ratsa ta bayan gidajen abinci, ta wurin da ake sauke kaya, ta gefen manyan kwandunan shara. Ina jin kiɗa da ƙararrawa daga wani wuri kusa, kamar biki a gidan maƙwabta. A wani lungu, tsakanin bango da motar kaya, wani yanki na jan dutse ya bayyana, an sassaƙa shi kamar saƙa. Na tsaya.

"Shi ne cocin," in ji Tanti. "Kin gani? To madalla. Tuwo na hucewa."

Muka miƙa kula ta ƙofar baya, muka koma ta inda muka fito. A tram ta tambaye ni ko hankalina ya kwanta yanzu. Na ce ya kwanta. Da yamma ta kira Hajiya a waya ta shaida mata cewa an zaga da ni gari.

A kujerata na fara lura da wata budurwa, 'yar ƙanen maƙwabciyar Tanti, kusan sa'ata. Ba wanda yake ba ta kujera. Tana shigowa ake ce mata, "Ke, ina burodin da aka ce ki sayo?" ko "Tashi ki kai wannan gidan wance." Ana yi mata faɗa a gaban mutane. Sai ta zumɓura baki, ta ja hularta, ta fita. Ita kaɗai. Ina jin takunta a matakala har ya ɓace. Ban taɓa yi wa wani hassada kamar yadda na yi wa yarinyar nan ba. Na zauna da kofin shayi a hannu na fahimci tsarin gidan: baƙo zaunar da shi ake yi, 'yar gida ita ake aika.

Sai na shiga neman a rage mini daraja. Na tashi da asuba na ɗauki tsintsiya, Tanti ta fito daga ɗaki ta ƙwace. Na shiga kicin na kama soso, muka yi ta ja, ita tana cewa "Haba ɗiyata," ni ina cewa "Haba Tanti," har ruwan ya huce. Na fasa mata kofi, ba da gangan ba, amma da na ga ya fashe na ɗan sa rai. Ta ce ba komai, dama ya tsufa, ta duba ko na yanke. Da Mama ta kira, na roƙe ta a ɓoye ta sa baki. Mama ta ce wa Tanti, "Don Allah kada ki raga mata, ki sa ta aiki, 'yarki ce." Tanti ta ce, "Ƙwarai, ɗiyata ce." Suka yi dariya irin ta manya. Da aka kashe waya aka ƙaro mini nama.

Hutun ya kusa ƙarewa. Na fara shirya abin da zan gaya wa abokan karatuna in sun tambaye ni yadda Strasbourg take. Zan ce akwai ɗumi, kuma ana yawan cin shinkafa.

Ranar da abin ya faru, Tanti ta yi guga tun safe. Akwai suna a benen da ke kallon nasu, ta fito da farar shaddarta ta goge ta sosai, ta shimfiɗa a kan gadon ɗakin da nake kwana, don nan ne yaran maƙwabta ba sa shiga. Na shiga ɗaukar carbina, sai na ga hasken da ke ratsa gefen labule ya canza, ya yi fari, ya yi laushi. Na ɗaga labulen. Dusar ƙanƙara ce take sauka.

Na san dusar ƙanƙara. A Greensboro takan zo wani lokaci, a rufe makarantu, kowa ya ruga kanti ya kwashe burodi da madara. Amma ban taɓa ganinta daga sama haka ba. Ba faɗowa take ba, yawo take, kamar audugar rimi in iska ta ɗebo ta. Can nesa, bayan benaye, tsinin majami'ar yana ɓacewa yana dawowa. Na buɗe tagar gaba ɗaya. Na miƙa hannu, ƙwaya ta sauka a tafina ta narke kafin in gama kallonta, wata ta sauka. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Na san dai iska tana shigowa ta gefena, kuma ba ita kaɗai take shigowa ba.

"Ke!"

Na juya. Tanti ce a bakin ƙofa, da muciya a hannu.

"Ke wace irin sakarya ce? Kin buɗe mini taga cikin wannan sanyi? Dubi shaddata! Dubi gado! Ƙatuwa da ke, har da jami'a, kin tsaya kina tarar ruwan sama da hannu kamar wadda aka yi wa asiri! Rufe mini taga kafin in..."

Ta tsaya. Muciyar na sama. Na ga lokacin da ta tuna ko ni wace ce. Ita ma ta ga na gani. Shaddar tana tsakaninmu, ta jiƙe ɗigo ɗigo.

Na rufe tagar, na sunkuyar da kai na ce, "Yi haƙuri, Tanti." Na yi iya ƙoƙarina kada farin ciki ya fito a muryata.

Ta buɗe baki za ta ce ba komai. Ta sake kallon shaddar, kalmar ta ƙi fitowa. Dole ta sake guga, ga suna, ga tuwo a wuta, ga gwiwa.

"Tunda ba ki da aiki sai kallon sama," ta ce, "zo ki ɗauki kular Tontonki. Kin ga hanya ran nan. Ki tahi kai tsaye, ki dawo kai tsaye. In ya huce, ni da ke ne."

Na zumɓura baki kaɗan, yadda na ga ana yi.

Na sauka daga tram a bakin kogi. Hanyar Tanti tana hagu, ta bayan gidajen abinci. Na bi dama, inda jama'a suke. A kan gadar shiga tsohon gari akwai masu tsaro suna duba jakunkuna saboda taron biki. Wani matashi a cikinsu ya nuna kular ya yi magana da Faransanci. Na buɗe masa. Tururi ya tashi, ƙamshin daddawa ya bazu a kan gadar. Ya leƙa ya ga malmalar tuwo a jere cikin leda, da miyar kuka kore shar a ƙaramin kwano. Ya kira abokinsa, shi ma ya leƙa. Na ce musu da Turanci abincin kawuna ne. Suka dubi juna, na farkon ya mayar da murfin da hannu biyu, a hankali, ya matsa mini hanya.

Haka na shiga Strasbourg, rungume da kula.

Ƙasan lungunan duwatsu ne ƙanana, sun jiƙe suna sheƙi. Gidajen sun jingina da juna kamar tsofaffin da suka daɗe suna hira, farare, da baƙaƙen katakai a jikinsu kamar zanen lalle a bayan hannu. An rataya fitilu daga wannan rufi zuwa wancan, kuma ko da yake la'asar ba ta daɗe da yi ba, sama ta fara duhu, fitilun suna ƙara ƙarfi. Ko'ina ƙamshin kirfa da lemo da man shanu. A rumfunan katako ana sayar da kyandir, da taurarin takarda, da 'yan gidaje ƙanana masu wuta a ciki. Wani dattijo yana gasa wasu 'ya'yan itace masu ɓawo a kan garwashi, yana juya su da hannu kamar mai gasa masara a bakin titi. Yara suna zagayawa a kan dawakan katako, fuskokinsu a murtuke, kamar aiki aka sa su.

Ba wanda ya dube ni. Kular tana ɗumama mini ciki ta cikin riga. Na yi tafiya a hankali yadda nake so, na tsaya inda nake so, na shiga wani lungu don kawai ya yi kwana kuma ina so in ga abin da ke bayan kwanar. Babu komai, sai keke a jingine da wata kyanwa a taga. Na tsaya na kalle su su ma.

Wasu mata da miji, tsofaffi, da taswira a hannu, suka tare ni. Da ganin kula sun ɗauka 'yar gari ce. Matar ta tambaye ni hanyar majami'a da Turanci, tana jan kowace kalma don in gane. Muryar mutanen kudancin Amerika ce, irin ta masu zuwa ɗakin karatunmu. Na nuna musu sama da yatsa, inda tsinin yake leƙowa. Suka yi godiya da Faransanci.

Sai lungun ya ƙare, ga ta a gabana gaba ɗayanta. Sai da na mayar da kai baya har mayafina ya zame kafin na ga ƙarshenta. Launin jar dawa gare ta. Duk jikinta sassaƙa ne, mutane da furanni da ƙofofi a cikin ƙofofi, kamar an ba masu ɗinkin hula dutse aka ce su yi ta yi har jikokinsu. Dusar tana sauka a kafaɗun mutanen dutsen tana zama. Aka buga ƙararrawa, na ji ta a ƙirjina, na ji murfin kular yana rawa. Na tsaya a wurin har yatsun ƙafata suka daina ba ni labari.

Da na isa kantin, kular ta daina ɗumama ni, ni nake ɗumama ta. Wannan karon ta ƙofar gaba na je. Tonton yana tsaye cikin baƙar kwat, dogo, mai furfura a gemu, mutumin da tun zuwana bai ce mini fiye da "Sannu da baƙunta" ba. Ya dubi bayana.

"Ina Tantin taki?"

"Ni aka aiko, Tonton."

Ya dube ni. "An yi miki faɗa?"

"An yi."

"To, barka."

Ya karɓi kular, ya taɓa gefenta da bayan hannu. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Hutuna sai bayan magariba. Ko da zafi ta kawo, ajiyewa nake, in ɗumama a na'urar ɗakinmu na baya. Shekara da shekaru."

"Tanti ta sani?"

"Tana gudu da shi cikin sanyi don in ci da zafi. Ni zan gaya mata?" Ya gyara tsayuwa, don wasu sun nufo ƙofa. "Koma gida, ɗiyata. Ki bi ta bakin ruwa, ya fi nisa."

Na bi ta bakin ruwa.

Na tarar da Tanti ta dawo daga suna, tana zaune a babbar kujerar, ta miƙe ƙafa a kan matashi. Ba ta tashi ba. Ta fara tun ina cire takalmi: ina na tsaya, ko Jamus aka aike ni, ta kira wayata ba adadi, in da wani abu ya same ni me za ta ce wa Yaya, yaran yanzu a aike su nan da can sai su kwana. Na tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya, ina cewa "To, Tanti." Maƙwabciyar da ke wurin ta ce a yi mini haƙuri, baƙuwa ce. Tanti ta ce, "Wace baƙuwa?"

Ta ce abincina yana kicin, in zuba da kaina, in na gama in wanke tukwane, kuma kada in bar ruwa yana zuba. Na ci a tsaye, a jikin firji. Ina cikin wanke-wanke ta ɗaga murya daga falo.

"Gobe ma ke za ki kai, gwiwata ta huta. Kuma wallahi in kika sake tsayawa kallon gini!"

"To, Tanti."

Washegari bayan azahar na ɗauki kular, na sauka a wata tasha daban, na shiga ta wata gadar.